Laujuna a Ƙofar Afiniki

Acha ba ta da haƙuri. Duk wanda ya taɓa nomanta ya san halinta: ranar da ta nuna, ranar take fara sallama da mai gona. Ka bar ta a tsaye 'yan kwanaki, iska ta kaɗa ta, sai ta kakkaɓe 'ya'yanta a ƙasa ta bar ka da ciyawar cusa katifa. Afiniki ta san wannan tun kafin a haifi rabin mutanen unguwarsu, wata 'yar unguwa a bayan dutse, tafiyar ƙafa daga Fadan Kagoma. Shi ya sa ran da ta je gona, a farkon watan Nuwamba na shekarar 1977, ta murza kan achar a tafin hannu ta ga tsabar ta zubo ba gardama, ba ta tsaya sha'awar gonar ba. Gida ta juya ta jiƙa dawar kunu.

Ba maganar ciki kaɗai ce ta sa ta wannan sauri ba. Damina biyu ke nan da aka binne mijinta Zamani a bayan ɗakinsa, kuma tun daga ranar ɗansu Meshak bai bar ta ta sarara ba. Meshak yana Kaduna, a wani kamfani da ake kawo wa motoci gunduwa-gunduwa cikin akwatuna daga ƙasar Turawa, su kuma su ɗaɗɗaura. Yana da mata, yana da ɗaki biyu a gidan haya, yana kuma da cikakken tabbaci cewa uwarsa wahalar banza take sha. Da ya zo hutun Ista sai ya kira ƙanen ubansa Obadiah, dattijon ikilisiya, ya zaunar da shi a tsakar gida don a yi maganar da shaida.

"Mama, wannan wahala ya isa," in ji Meshak. "Shinkafa ya cika Kaduna. Daga jirgin ruwa ake sauke shi, ba tsakuwa, ba surfe, ka wanke kawai ka zuba a tukunya. Ka zo ka zauna da mu."

"In zauna in yi mene? In riƙa gadin bango?"

"In ciwo ya kama ka a nan fa? Wa zai gani?"

"Mutane suna nan," in ji ta. "Ni ba a daji nake ba."

Aka ja, aka ja, har Obadiah ya gaji ya raba gardamar. Idan ta cika rumbunta bana, Meshak zai ƙyale ta, ba zai ƙara ta da zancen ba. Idan rumbu bai cika ba, ta ɗaure kayanta kafin Kirsimeti. Afiniki ta amince tana dariya, don a ganinta an yi mata sauƙi. Ta watsa iri a gonar duka har bakin rafi, ta bi ta a durƙushe tana cire ciyawa da hannu, ruwa kuma ya zo yadda ake so. Achar da ta tsaya a gonar nan za ta cika rumbu har a nemi aron na maƙwabta. Abin da ya rage hannuwa ne kawai, hannuwa kuwa ba su taɓa zama abin damuwa a unguwar ba.

Ba a yankan acha mutum ɗaya. Gayya ake kira. Mai gona ya bi gida-gida ya faɗi rana, ya dama kunu, ya yi abinci, jama'a su fito da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba, saboda achar da ke da raɓa a jiki ba ta zuba. Maza a gaba da lauje, mata a baya suna ɗaure dami, ana waƙa, ana zolayar duk wanda aka bari a baya, kafin rana ta take an gama an koma gindin inuwa. Marigayi Zamani bai taɓa fashin gayyar kowa ba, ita ma Afiniki babu gonar da ba ta sunkuya a cikinta ba a faɗin unguwar.

Al'adar kuma ta bar wata 'yar ƙofa don mai uzuri. Ba a ce wa mai gayya ba za a zo ba, wannan kusan zagi ne. Wanda ciwo ko rasuwa ta tare, sai ya kawo laujensa ya jingine a ƙofar gidan, tare da ɗan abin sa wa a tukunya. Wani mai hannu da ba shi da lauje zai ɗauka ya yi aiki da shi, a ɗauka mai laujen ya zo. A gayya guda akan ga lauje ɗaya ko biyu a ƙofa, wata shekarar ma ba a ganin ko ɗaya.

Ran Talata Afiniki ta zaga unguwa ta ce ran Alhamis. Kowane gida amsa ɗaya aka ba ta: "Allah ya kai mu, Mama." Ta lura dai cewa ko'ina ta shiga ƙamshin citta ne ke tarbar ta, har a tufafin mutane, amma ba ta ɗauki abin da zafi ba.

Da ta ɗauka da zafi da ya fi mata. Citta ba baƙuwa ba ce a wurinsu, da ma kowa yakan yi 'yan kunyoyi a bayan gida. Amma a shekarun nan kunyoyin sun yi ta faɗi suna cinye gonakin hatsi, kuma a makon nan Alhaji Nuru ya iso da babbar mota ya tsayar da ita a gindin falalen dutsen da ake shanya. Nuru ɗan tsohon gidan fatauci ne a Kafanchan, ubansa ma da jaki yake zuwa sayen citta a wurin iyayensu. Ya zo da labari cewa wata ƙasa can ƙetaren teku da ta saba sayar wa Turawa citta ta yi rashin sa'a bana, saboda haka ido ya dawo nan. An kama masa taragon jirgin ƙasa a Kafanchan, jirgin ruwa kuma yana jiran taragon. Sai an tono, an wanke, an tsaga kowace da wuƙa, an shanya ta bushe ƙarau kafin ranar lodi. Idan ba a gama tsagawa ran Asabar ba, ba za ta bushe a kan lokaci ba. Mai citta ya kawo tasa, marar citta ya kawo wuƙarsa, da yamma kowa ya karɓi ladansa a hannu.

Ran Laraba Afiniki ta wuni a gindin murhu. A da, jajibirin gayya gidan cika yake da mata, wannan tana daka, waccan tana tankaɗe, ana gulmar mazan da ba su iya wasa lauje ba. Wannan karon Emilia ce kaɗai, surukar Obadiah, ta leƙo ta kama mata tace kunu, ta ce za ta je ta dawo. Ba ta dawo ba. Afiniki ta share sauran achar bara da ke gindin rumbu ta surfe, ta rairaye ta a ƙwarya har ba tsakuwa ko ɗaya, ta yanka ɗan akuyan da take kiwo, ta tsinko yakuwa da gauta. Kunu kuwa tulu-tulu, na dawa zalla, don ita 'yar Zumuntar Matan ikilisiya ce, giyar da ake ɓoyewa a bayan kara a zamanin mijinta ta bi shi kabari.

Da gari ya waye ran Alhamis ta riga kowa zuwa gona, kamar yadda mai gayya yake yi. Ta sauke tulun farko a gindin ɗorawa, ta jera ƙore, ta gyara ɗaurin zane, ta zauna tana fuskantar hanya. Raɓa ta jiƙa achar sharkaf, gonar ta kwanta lif, ko ganye ba ya motsi. Safiya ce irin wadda ake roƙo.

Ta kasa kunne ko za ta ji muryar Dogara, wanda kullum tun daga gangaren dutse yake fara waƙa don a san ya iso. Ba ta ji ba. Rana ta fito, ta ɗaga, ta fara lasar raɓar. Wata kurciya ta sauka a tsakiyar gonar, Afiniki ta jefa mata hoge. Can daga nesa iska ta kawo mata sautin rediyo daga wajen falalen dutse, yana zuwa yana ɗaukewa. Ta ce a ranta wataƙila sun taru a gidanta ne suna jira a ɗauki tukwane. Ta tashi ta koma.

Tun daga nesa ta hango su. Laujuna ne a jingine jikin bangon ƙofarta, a jere, daga bakin zaure har kusurwar da akurkin kaji yake. A gindin kowanne da ɗan abin tukunyarsa: farar shinkafa mai dogon jiki ƙunshe a takardar siminti, burodi, kifin gwangwani, madarar gwangwani, har da wani ƙullin sukari mai ƙwaya. Ba a taɓa yi wa gayya irin wannan karamci a unguwar ba.

Ta tsaya tana duba su, kuma babu wanda ba ta gane ba. Ga na Dogara da aka naɗe ƙotarsa da robar taya. Ga na Alexander mai giɓi a baki. Ga na Nicholas, sabo fil, bai taɓa cin ciyawa ba. Ga na Obadiah kansa, wanda ya raba gardama da bakinsa, a can ƙarshen layi kamar yana ɓuya. Kowa ya bi al'ada daidai, babu wanda ya ce ba zai zo ba. Kowannensu ya fito daga gida da tunanin cewa shi kaɗai ne zai yi fashi, sauran jama'a za su je, laujensa ma wani zai more shi. Na farko da na biyu sai a yi musu uzuri. Amma waɗanda suka zo daga baya sun ga layin da idonsu, suka ƙara nasu a hankali don kada ƙarfe ya yi ƙara, suka wuce.

Afiniki ta ji wani abu a ranta. Ba fushi ba ne, da fushi ne da ta ji sauƙi. Kaɗaici ne, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka rufe Zamani da ƙasa, don ran nan gidan a cike yake.

Abincin gayya ba ya kwana, kuma mai gayya ba ya cin sa shi kaɗai. Ta naɗa gammo ta ɗora tukunyar gwaten acha a ka, ta nufi falalen dutse.

Unguwar duka tana can. Dutsen ya yi fari fat da tsagaggiyar citta, mutane zaune rukuni-rukuni ƙafa a miƙe, wuƙaƙe suna ta aiki, yajin yana shiga ido. Da aka gan ta sai hira ta mutu. Wani ya miƙa hannu ya rage rediyo. Tun da safe suka ga juna a nan, kowa ya gane abin da ya faru, kowa kuma ya zauna yana jiran wani ya fara tashi.

Ta sauke tukunyar a gaban Obadiah.

"Ga abincinku," in ji ta. "Laujunanku sun zo, amma ba su da baki."

Obadiah ya cire hula ya sa, ya sake cirewa. "Matar yayana, ka yi haƙuri. Kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya tafi. Ran Asabar za mu gama wannan, ran Litinin duk muna gonarka. Jirgin ruwa ne ba ya jira."

"Acha fa? Shi yana jira?"

Alhaji Nuru ya taso daga gindin sikeli yana goge hannu a riga, ya rusuna ya gaishe ta.

"Iya, wallahi ban san kin kira gayya yau ba. Ni ma ba ni na sa ranar nan ba. Daga Ikko aka bugo mini waya, su ma daga can ƙetare aka bugo musu."

"Su wane ne suke cin citta haka, Alhaji? Ba su da tuwo a garinsu?"

"An ce biskit suke yi da ita, da lemon kwalba. Ni ma ban taɓa ganinsu ba."

Ta jinjina kai. Mutanen da ko Alhaji bai taɓa gani ba sun kira tasu gayyar rana ɗaya da tata, kuma tasu aka amsa. Ta koma ta kwaso sauran tukwanen ɗaya bayan ɗaya, ba ta yarda kowa ya bi ta ya taya ba. Suka ci kai a sunkuye, ita kuma ta wuce gona.

Ranar ba ta yanka da yawa ba, don raɓa ta riga ta bushe, duk damƙar da ta yi sai ta ji tsabar tana zuba a kan ƙafarta. Washegari ta fito tun gari bai gama wayewa ba, da laujunan mutane ɗaure a zane ta goya su a baya. Ta ce tun da sun zo ƙofarta, ba za su koma ba su taɓa acha ba. Ta ɗauki na Dogara ta yanke layi ɗaya, ta ajiye, ta ɗauki na Alexander. Ba ta san lokacin da ta fara yi musu magana ba.

"Alexander, haƙorinka ɗaya ya fita, amma ka fi Nicholas ci. Nicholas, kai kwalliya ka zo yi? Dubi inda aka bar ka."

Ta ɗaga waƙar yankan acha, wadda mutum ɗaya yake bayarwa jama'a su amsa. Ta ba da baitin farko, ta yi shiru daidai inda ake amsawa, ta ci gaba da na biyu. A baiti na uku ta bar waƙar. Ta yanka ta koma baya ta ɗaure, ta yanka ta koma baya ta ɗaure, aikin maza da na mata duk a ƙugu ɗaya. Da rana ta yi zafi dole ta tsaya, sai ta koma korar tsuntsaye. Wannan aikin yara ne a da, amma yaran duk suna sabuwar makarantar kyauta da aka buɗe. Ta kori tsuntsayen a gabas su sauka a yamma. Zuwa yammacin Asabar abin da ta yanke bai wuce wani ɗan lungu a gefen ɗorawa ba, sauran gonar tana tsaye, ta yi ja, ta sunkuyar da kai.

Ran Lahadi ta tsaya a ƙofar gida da lauje a hannu, tana kallon raɓa a kan ciyawa. Safiya ce mai kyau ƙwarai. Amma tun da aka yi mata baftisma ba ta taɓa yin aikin gona ran Lahadi ba, ba kuma za ta fara da furfura a ka ba. Ta jingine laujen, ta ɗaura zanen Zumunta ta tafi sujada. Bayan wa'azi Obadiah ya miƙe ya yi sanarwa da babbar murya: an gama tsaga citta, gobe Litinin duk mai hannu ya hallara a gonar Mama Afiniki, kada a ga lauje ko ɗaya a ƙofa. Jama'a suka ce amin da ƙarfi, wasu suna waiwayowa suna yi mata murmushi. Ta ji sanyi a ranta, har ta fara tunanin abin da za ta dafa musu, tun da akuya ya ƙare.

Da la'asar gabas ta haɗe. Ruwan sallama ne, irin wanda yakan zo bayan an ɗauka damina ta tafi, kuma iska ce take riga shi isowa. Afiniki tana tsaye a zaure ta ji ihu ya tashi a unguwa. Mutane suka fito a guje, maza da mata, da buhuna da tabarmi da kwanuka, har da masu goyo. Obadiah yana gaba, rigar sujada a jikinsa, yana kiran mutane da sunayensu. Suka wuce ta gaban ƙofarta kamar an koro su, suka nufi falalen dutse don kwashe citta kafin ta jiƙe. Ba wanda ya tuna ranar Lahadi ce. Ta bi su da ido har suka ɓace, sannan ta juya wajen gonarta, inda babu mai gudu zuwa. Iskar ta yi abin da za ta yi, ruwan ya biyo baya ya daddaɓe.

Da safe ta je ta gani. Achar ta kwanta a ƙasa kamar an yi birgima a kanta. Ta ɗaga damƙa ɗaya ta murza, ba komai a hannunta sai ƙaiƙayi. Tsabar tana nan a cikin laka, ƙanana kamar yashi, tururuwa da kurciyoyi sun riga sun fara tasu gayyar. Ta daɗe a tsaye. Daga nan ta bi ta gidan Obadiah, ta same shi yana wasa wata wuƙa, tun da laujensa yana wurinta.

"Ka gaya musu kada su ɓata ranarsu," in ji ta. "Su je su sake shanya citta."

"An kwashe shi kafin ruwa, bai jiƙe sosai ba," in ji shi. Sai da maganar ta fita ya ji nauyinta, ya sunkuyar da kai.

Dammunan da ta samu ta sussuke su ita kaɗai a kan fako, tana tattakawa da ƙafa tana riƙe da sanda don kada ta faɗi. Ta sheƙe, ta shanya, ta zuba a rumbu. Da ta leƙa ta sama sai ta ga achar ta rufe gindin rumbun ne kawai, in ta miƙa hannu ma ba ta kai mata.

Saura mayar da laujuna, wannan ma da ƙa'idarsa. Laujen da ya yi aiki ba ya komawa gida haka nan, sai da ɗan ƙullin sabuwar acha a rataye a ƙotarsa. In ka mayar da shi tsirara, ka ce wa mai shi ba kai ba shi ke nan. Afiniki ta yi tunanin wannan kwana biyu, kuma ba za a ce zuciyarta ba ta raya mata ba. A ƙarshe ta yayyaga wani tsohon zane, ta shiga rumbun ta ɗebo daga ɗan abin da ke ciki, ta ƙulla wa kowane lauje rabonsa. Ta bi gida-gida kamar yadda ta bi ranar da ta kira su. Dogara ya ji muryarta ya shige banɗaki, matarsa ce ta karɓa. A gidan Obadiah, Emilia ta tare ta da hannu biyu, ta kwance ƙullin ta duba.

"Mama, da ka riƙe abinka. Kai ne kake bukata. Mu yanzu wa yake da lokacin surfe? Yara ma sun ce yana musu kamar yashi a baki, shinkafa suke so."

Da kyakkyawar zuciya ta faɗa, Afiniki ta sani.

"Ba naka ba ne," in ji ta. "Na lauje ne."

Meshak ya iso ana saura mako guda Kirsimeti. Ya gaishe ta, ya sha ruwa, ya tafi bayan ɗaki ya tsaya a kan kabarin ubansa, sannan ya hau tsani ya ɗaga murfin rumbu. Bai daɗe a sama ba. Ya mayar da murfin ya sauko. Ya ji labarin gayyar tun a tashar Kafanchan, ya zo da shirin faɗa da unguwa duka, amma ta hana shi. Ta ce an yi magana gaban shaida, ba a ce in iska ta zo ko in jirgin ruwa ya zo ba, an ce in rumbu ya cika.

Kayanta ba su da yawa. Akwatin ƙarfe na aurenta, tabarma, tukwane biyu, fitila, da 'yar achar da ta rage a ƙaramin buhu. Ta sa hannu a kan turmi, Meshak ya girgiza kai.

"Mai gidan haya ba ya yarda a yi daka, Mama. Siminti zai fashe."

Ta ɗauke hannunta. Kajin ta ba Emilia. Ta share tsakar gida duk da ba mai zama, ta share gefen kabarin, ta ja ƙofar ɗaki ta ɗaure da igiya.

Alhaji Nuru zai kai lodinsa na ƙarshe Kafanchan a safiyar tafiyarta, ya aiko cewa ya bar wa Iya kujerar gaban motar. Da Afiniki ta fito zaure sai ta tarar da unguwar duka a ƙofarta. Ba a kira kowa ba, ba a dama kunu ba, amma babu wanda bai zo ba. Dogara ya riga kowa cafke akwatin, Alexander ya kama ɗaya hannun, suka shiga gardamar wanda zai ɗora a ka. Nicholas ya rungume tabarma. Matan Zumunta suka raba tukwane biyu a tsakaninsu, wadda ba ta samu tukunya ba ta riƙe murfi. Obadiah ya karɓe buhun achar ya saɓa a kafaɗa, ko nauyinsa bai ji ba. Waɗanda suka rasa abin ɗauka suka yi ta kewaya ta suna miƙo hannu, ko akwai sauran wani abu, Mama, ko akwai sauran wani abu.

Ta dubi hannuwan nan, duk sun rine da citta, duk da ƙarfinsu. Ba ta yi niyya ba, amma idonta ya auna su da gonar, kamar yadda ya saba. Da sun gama kafin raɓa ta bushe.

Aka kama hanyar falalen dutse, inda motar take jira, wata mata ta ɗaga waƙar rakiya aka amsa mata baki ɗaya. Afiniki tana tafe a tsakiyarsu. Har fitilar da ta so ta riƙe wani ya zare ta daga hannunta. Ita da ba ta taɓa bin wannan hanya ba kaya a ka ko fartanya a kafaɗa ba, ta rasa yadda za ta yi da hannuwanta, sai ta cusa su cikin zane.